Tsatsar da Ta Ci Bindigar Baba

Yayana bai taɓa goge wani abu da hannunsa ba tun da Allah ya yi shi. Kwanon da ya ci tuwo nan yake tashi ya bar shi, takalminsa sai ya ruɓe a ƙafarsa, kekensa kuwa tun daga bakin layi ake jin kukan sarƙarsa. Wannan mutumin aka miƙa wa bindigar mahaifinmu ranar rabon gado, don kawai shi ne namiji. Ina zaune a kan tabarma ina kallo ya karɓe ta da hannun da ya gama cin gyaɗa mai gishiri, ya damƙi ƙarfen, ya ɗaga ta sama yana nuna wa mutane.

Bindiga ce mai baki biyu, irin ta harbin tsuntsaye. Baba ya saye ta tun yana malamin gona, da lasin ɗinta, takarda mai hatimi da aka rubuta lambar bindigar a jiki. Da ita yake harbo mana zabi da fakara in ya je gonarmu ta Danchuwa, da ita yake korar birai in masara ta fara nuna. Duk unguwarmu ta Yindiski babu wanda bai san ta ba. Ni kuma tun ina budurwa nake ɗinki, kwalbar man keke a wurina take, shi ya sa duk ranar da Baba ya dawo daga daji ni yake kira.

Ba ya shiga ɗaki da ita. Ko da yunwa ya dawo, sai ya zauna a gindin darbejiyar tsakar gida, ya shimfiɗa tsohon zanen Iya, ya raba bindigar gida uku: bututun daban, ƙotar daban, sai ɗan katakon nan na ƙarƙashin bututu wanda hannun hagu ke riƙewa. Ya bi kowanne da busasshen tsumma. Ya ɗaura wani tsumman a igiya, ya zura ta cikin bututun ya ja, ya sake ja, sai ya ɗaga ya leƙa ya ga haske tas sannan zai yarda. Ya bar ta a inuwa ta sha iska. Daga nan ne zai ce, "Kawo mai." Ɗigo uku a tsumma, ba ya ƙarawa, ya shafe ta har saƙo da lungu. Bayan haka babu mai taɓa ƙarfen da tsirarar hannu, ko shi kansa ta katako yake ɗaukar ta.

Baba ɗan Ngizim ne, Hausarsa a karye take har ya koma ga Allah, amma a kan bindigar nan ba ya kuskuren magana. "Baƙin nan da kike gani a jikin ƙarfen, riga ce," in ji shi. "Raɓa tana cin ta, gumi yana cin ta. Ki kula da rigar, ƙarfen zai kula da kansa." Man gyaɗa bai yarda da shi ba, ya ce danƙo yake yi. Jakar fata bai yarda a ajiye bindiga a ciki ba, ya ce fata ruwa take riƙewa. In kuwa ɗan ɗigon tsatsa ya fito, sai ya jiƙa wurin da kananzir, ya ɗauko wani tsohon jan kwabo da yake ajiyewa a gwangwani, ya ɗiga mai, ya yi ta murzawa a hankali da gefen kwabon. Jan ƙarfe ya fi ƙarfen bindiga taushi, yana ɗauke tsatsar ya bar rigar. Shekara da shekaru ina zaune kusa da shi ina kallon wannan aiki. Yaya kuwa yana majalisa yana musun ƙwallo.

Mijina ya rasu shekara guda kafin Baba, na dawo gida da keken ɗinkina na zauna da Iya. Saboda haka duk abin da aka yi wa bindigar nan a kan idona aka yi shi.

Daminar farko bayan rasuwar Baba, Yaya ya rataya ta ya tafi gona. Ba harbi ya iya ba, ko kaza ce a ɗaure sai ya kuskure ta, so yake kawai a gan shi da ita a kafaɗa. Ruwa ya dake shi a hanya. Ya dawo jagab, ya cusa ta a jakar fata yadda take, ya tura ƙarƙashin gado. Na ce, "Yaya, ba ni ita in goge." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke ɗinki kika sani, ki tsaya a kan ɗinkinki. Bindiga ba kayan mata ba ce." Ka ji min mutum! Na haɗiye maganar saboda Iya tana wurin, amma ban manta ba.

Sai gari ya rikice. Waɗanda suka zauna a Potiskum a shekarun nan ba sa bukatar in ba su labari. Mutanen daji suna shigowa su yi ɓarna su fita, masu kaki kuma su biyo baya suna bin gida gida. Aka hana hawa babur, aka katse layin waya, aka sa dokar hana fita tun rana tana sama. Wanda aka samu da abin da bai iya bayaninsa ba, mota ake saka shi, kuma ba a tambayar ranar dawowarsa. A layinmu kaɗai na san gidaje da har yanzu suke jira.

Yaya ya ce binne ta zai yi. Na ce ai muna da takarda. Ya ce, "Takardar ce za ta yi magana kafin a bugi ƙeyata?" A nan ban ce ba shi da gaskiya ba, tsoron na kowa ne, ni ma da shi nake kwana. Abin da na roƙe shi guda ne: ya ba ni yini ɗaya in raba ta, in busar da ita, in cika ta da mai, in naɗe ta a leda mai kauri. Ya ce to. Washegari na fita kai wa wata mata ɗinkinta, kafin in dawo ya yi gaba da ita.

"A me ka naɗe ta?" na tambaye shi da ya dawo.

"A buhu mana."

"Wane buhu?"

"Na taki. Sabo ne ma, jiya na zazzage shi. Biyu na sa, ruwa ba zai shiga ba."

Innalillahi. Mu mutanen gona komai a buhun takin zamani muke sawa, gero, kayan sawa, takardun makaranta, har shimfiɗa muke ɗinkawa da shi. Amma duk wanda ya taɓa barin fartanya a kan buhun taki ya san abin da yake samu bayan mako guda. Taki gishiri ne, ruwa yake ja daga iska, ƙarfe kuma abincinsa ne. Na ce masa, "Ka kashe ta. Ka koma ka tono ta yau." Ya ce in na isa in je in tono da kaina, ya ƙi ma gaya min gindin bishiyar da ya binne ta. Damina biyu ta yi a ƙasa.

A damina ta uku, ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mai unguwa ya yi sallama a zaurenmu. Dattijo ne, abokin Baba. Ya ce an ba da umarni duk mai bindigar da ke da lasin ya kai ta a duba, ita da takardarta, Litinin ta sama. Ya ce sunan marigayi yana cikin littafinsu, ya gani da idonsa. Sai ya rage murya ya ce wa Yaya, "Ka saurare ni da kyau. In ka ce babu ita, za su ce ka sayar wa mutanen daji. In ka kai ta lambar jikinta ba ta yi daidai da ta takarda ba, za su ce tasu ce ka ɗauko. Ko wanne ne, ba za ka kwana a gida ba."

Ina bayan ƙyaure ina ji. Kwana goma ke nan muke da su, kuma kan Yaya a kan lambar nan yake.

Ranar Asabar Yaya ya tono bindigar ya shigo da ita a keken shanu, a ƙarƙashin ɗanyar ciyawar awaki. Muka rufe ƙofar gida, ya warware buhun a tsakar gida. Iya ta kalla sau ɗaya ta sa gefen zane ta rufe fuska. Bindigar da na sani baƙa wuluk tana ɗaukar ido ta koma ja kamar bangon laka. Ƙotar ta kumbura, kunamar ta ƙi motsi, ko karya ta a buɗe ba a iyawa. Gefen da lambar take, kusa da inda ake saka harsashi, tsatsa ta yi masa ɓawo mai kauri kamar ƙanzon tukunya. Ko alamar rubutu babu.

Yaya ya tsaya yana sosa ƙeya. "To, ke da kika iya, ai sai ki gwada."

Au, yau kuma kayan mata ce? Na faɗa masa haka, da ƙarfi, maƙwabta ma sun ji. Na ce masa sakarai ne, na ce Baba yana kabari bai san wa ya bar wa amana ba. Ya ce in ba don Iya ba da ya kwaɗa min mari. Na ce ya gwada, in ya so sai ya goge tsatsar da harshensa. Iya ce ta shiga tsakani tana tafa hannu tana cewa mu ji tsoron Allah. Na ɗauki bindigar ta katako na shige ɗakina.

Mai ma sai da ya zame min abin tunani. Ɗan Ibon da muke sayen allura da man keke a wurinsa, mutumin kirki mai yawan zolaya, ya daɗe da rufe shago ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu. Rabin kwalba ce ta rage min, da ita nake lallaɓa keken da ke ciyar da ni da Iya. Na ajiye ɗinkin mutane gefe. Na yayyaga tsummokara na jiƙa su da kananzir, na naɗe ƙarfen gaba ɗaya, na bar shi kwana biyu yana sha. Jan kwabon Baba yana wurina, shi kaɗai na ɗauka a kayansa, babu ma wanda ya lura.

Ranar Litinin na fara murza. Ɗigon mai, murza, goge, ɗigon mai, murza, goge. Abin da ke fita jan taɓo ne, tsumma bayan tsumma. Yatsuna suka yi kanta suka fashe, kananzir yana shiga yana cizo. Ranar Talata da yamma na ga wani ɗan lanƙwasa ya bayyana, na kai taga na duba, lamba ta farko ce. Ranar Laraba na samu biyu. Alhamis da hantsi huɗu sun fito daga cikin shida, kuma na ɗauko takardar na gwada, sun yi daidai. Sai dai rubutun ya yi sama-sama ƙwarai, tsatsa ta cinye ƙarfen da ke kewaye da shi, ɗan zurfin da ya rage bai kai kaurin farce ba.

Duk kwanakin nan Yaya yana tsaye a bakin ƙofata kamar mai jiran a sauke tukunya.

"Har yanzu?"

"Har yanzu."

"Kwana huɗu a kan wuri kamar tafin hannu? Da kwabo? Abokina kafinta ya ce samfefa minti biyar za ta yi wannan aikin."

Samfefa, takardar nan mai yashi da kafintoci ke goge katako da ita. Na ajiye kwabon na juyo. Na ce, "Yaya, ka buɗe kunnenka. Samfefa ba ta san tsatsa ba, ba ta san ƙarfe ba, duk abin da ta samu ci take yi. In ka goga ta a nan, da tsatsar da lambar tare za su tafi. Kada ka taɓa." Ya ce, "Ke komai sai kin mai da shi wahala don a ce kin iya." Na ce, "Kai kuma komai sai ka ɓata shi don ka ƙi a ce ba ka iya ba." Ya buga ƙyauren ya fita.

Ranar Juma'a aka yi rasuwa a bayan layinmu, tsohuwar da ta yi wa Iya zaman biƙi a haihuwata. Babu yadda za a yi in ƙi zuwa. Na kulle ɗaki, na kama hannun Iya muka tafi gaisuwa. Ba mu fi awa biyu ba. Da muka dawo na tarar an ɓalle kwaɗon ɗakina, Yaya yana zaune a gindin darbejiya, a daidai inda Baba ke zama, bindigar a kan cinyarsa. Tana walƙiya fari fat kamar sabon cokali. Daga bakin bututu har gindi ya bi ta da samfefa, ya cire tsatsar, ya cire ɗan baƙin da ya rage, ya bar ta tsirara. Yana murmushi har kunne.

"Kin gani? Aikin maza ke nan."

Na karɓe ta na juya gefen lambar. Sumul. Huɗun da na kwana huɗu ina tonowa sun tafi, biyun da ban kai gare su ba su ma sun tafi. Na miƙa masa na ce, "Karanta min." Ya duba. Ya karkata ta wajen rana. Ya tofa yawu ya goge da hannun riga ya sake dubawa. Na ga murmushin yana zubewa daga fuskarsa, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin ganin haka.

Aka kira mai unguwa. Ya sa tabarau, ya shafa wurin da yatsa. Sannan ya ce, "Da ka bar ta da tsatsarta, da na iya roƙo, in ce ƙasa ce ta ci. Amma wannan, duk wanda ya gani zai ce da gangan aka kankare lamba. Masu sata da mutanen daji ne ke yin haka." Ya cire tabaraun ya tashi, ko ruwan da Iya ta kawo masa bai sha ba.

Daga ranar Yaya bai ƙara cin abincin kirki ba. Cikinsa ya ɓaci, yana zarya tsakanin zaure da bayan gida. Yau ya ce zai gudu Bauchi, gobe ya tuna shingaye nawa ne a hanya, ya tuna kuma in ya gudu ya amsa laifin ke nan. Matarsa tana kuka a ɗaki.

To, akwai abin da na sani wanda shi bai sani ba. Lambar bindigar nan ba a wuri ɗaya aka buga ta ba. Akwai wata a ƙasan bututun, inda ɗan katakon riƙo yake rufewa, ba a ganin ta sai an raba bindigar. Sau ɗari na gan ta a kan zanen Iya. Yaya bai taɓa raba ta ba ko sau ɗaya, ina zai sani? Matsalar ita ce ɗan maɓallin da ke sakin katakon ya kafe da tsatsa, tun ranar farko nake ɗiga masa kananzir safe da yamma bai motsa ba. Ban san ko zai buɗe ba, ban san kuma abin da zan tarar a ciki ba. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina na yin shiru. Amma dalili na biyu ya fi shi ƙarfi: so nake ya ɗanɗana. Kwana biyu ina ganin sa yana ramewa a zaure, ina wucewa da butata ban ce masa uffan ba.

Ranar Asabar da yamma Iya ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado. Ta ce, "Na san halinsa, ni na haife shi. Amma shi kaɗai ne namijin da ya rage min. In akwai wata dabara, ki yi don ni, ba don shi ba." Na ce mata ina kan yi. Ta kalli yatsuna da suka farfashe, ta kama su ta riƙe.

Lahadi bayan azahar maɓallin ya motsa. Na sa gindin cokali na danna a hankali, na ɗiga mai, na sake dannawa, sai na ji ƙas. Katakon ya fita, daga nan bututun ma ya rabu da ƙotar. A ƙarƙashinsa ƙarfen baƙi ne wuluk, yadda na san shi. Man da Baba ya shafa a shafarsa ta ƙarshe yana nan, ya daskare ya yi ruwan ƙwai, ruwa bai samu hanya ba. Lambobi shida reras. Kusa da su, a cikin daskararren man, ga shatin babban yatsansa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Na kira Iya na nuna mata, ita kuma ta fita da sauri ta kira ɗanta. Ya shigo yana jan ƙafa, ya sunkuya ya duba, ya duba takardar. Na ga numfashinsa ya sauka. Ya miƙe, ya gyara hula, ya ce, "Ai dama na san akwai wata a nan."

Allah ne ya riƙe hannuna, don bututun yana kusa.

Litinin da safe muka shirya. A lokacin, namiji ya doshi shinge da dogon abu a naɗe, ba a jira a ji bakinsa. Mace da abu a ƙarƙashin hijabi kuwa ta fi shi zama abin tsoro. Saboda haka na ɗauko babban tiren Iya, na jera bindigar gida uku a kai, a buɗe, takardar a sama na danne ta da dutse. Na yafa ɗan gyale kawai, na ɗora tiren a ka kamar mai talla. Mai unguwa a gaba, ni a tsakiya, Yaya a baya yana ta salati. A ƙasa muka tafi. Mutane suna ganin abin da ke kaina suna darewa.

Tun daga nesa aka daka mana tsawa. Na sauke tiren a ƙasa, muka ɗaga hannu, aka sa maza suka ɗage riguna, ni kuma na kaɗe gyalena na juya. Aka shigar da mu wani fili mai katanga, an kafa tebur a ƙarƙashin rumfa. Babban nasu yana zaune, wani baƙin mutum mai jajayen idanu, Hausarsa ta bariki. A can gefe, a fili, an tara bindigogi tsibi guda.

Ya ɗauki ƙarfen ya juya, idonsa ya sauka a inda Yaya ya goge. "Wa ya kankare lamba?"

Na waiwaya, bakin Yaya yana motsi amma babu abin da ke fita.

"Kai ne mai ita? Durƙusa!" Wasu biyu suka matso, ɗaya ya sa ƙafa ya taɗe shi, ya zube a kan gwiwa. Na ji an buɗe bayan mota.

Na ce, "Ranka ya daɗe, jahilci ne ya kankare ta, ba mugunta ba. Akwai wata lambar." Na ɗauki bututun na kifa shi na nuna masa. Ya karɓa, ya ɗauki takardar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin biro. Ya sake bi. Ya kalle ni, ya kalli Yaya a ƙasa. Ya ɗaga hannu, na ji an rufe bayan motar.

"Sunan wa ke jikin takardar nan?"

"Mahaifinmu ne."

"Yana ina?"

"Allah ya yi masa rasuwa."

Ya ninke takardar ya sa a aljihun tebur. "Mamaci ba ya riƙe bindiga. Lasin ya mutu tare da shi." Ya yi wa ɗaya daga cikinsu alama. Wannan ya tattara guda ukun a hannu ɗaya, ya taka zuwa tsibin, ya watsa su a kai. Ƙarar da bututun ya yi har cikin haƙorana na ji ta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah ku sa ta a inuwa. Ba ta da riga, ruwa ɗaya zai gama da ita. Ko ku bar ni in shafa mata mai, ga shi na zo da shi." Na fito da kwalbar daga ɗaurin zanena, ɗan abin da ya rage a gindinta.

Ya yi dariya, na kusa da shi ma suka yi. "Madam, yayanki muka ba ki. Ɗauki abinki ki tafi."

Na ɗauki tiren da babu komai a kai, muka fito.

Ba mu yi nisa da katangar ba ƙafafun Yaya suka dawo, bakinsa ma ya dawo. Yana kaɗe ƙasar gwiwarsa ya ce, "Wa ya aike ki ki ce ya rasu? Da kin ce yana kwance ba lafiya, da da bindigarmu muka dawo. Kin ja mana asara da wannan bakin naki." Mai unguwa ya tsaya cak ya kalle shi, ya girgiza kai, ya saki hanya ya bi wani lungu ya bar mu. Kafin la'asar duk majalisarsu ta ji cewa ƙanwarsa ce ta miƙa bindigar ubansu saboda baƙin cikin ba ita aka ba wa ba.

La'asar ɗin kuwa hadari ya haɗo daga gabas. Iya tana ɗaki tana ta godiya ga Allah, ta sa an dama wa ɗanta kunu, ina jin sa yana kurɓa yana ba matarsa labarin yadda ya tsaya gaban masu kaki bai ji tsoro ba. Ni ina zaune a gaban kekena, ban taka shi ba. Ruwan ya sauko a kan kwano kamar da bakin ƙwarya. Na san inda bindigar take, na san ta wane gefe ta faɗi, ƙasan bututun ne a sama, inda yatsan Baba yake. Ruwan bai tsaya ba sai da aka kira magariba.

Iya ta rayu shekara huɗu bayan haka, ɗanta yana gabanta, kuma wannan ne kaɗai abin da nake faɗa wa kaina in abin ya taso min. Shi kuwa har yau bai ce min sannu ba, bai kuma janye maganar da ya yaɗa ba. Bayan rasuwarta muka ja katanga a tsakar gida, darbejiyar ta faɗo a ɓangarena. Muna gaisawa ranar Sallah, iyakarta ke nan.

Bara da damina matarsa ta leƙo, ta ce wai ƙyaurensu ya yi tsatsa yana kuka, Yaya ya ce in sam masa man keke. Na ce ta jira. Na buɗe aljihun kekena, inda jan kwabon yake, na ɗauko guntun samfefar da na tsinta a gindin bishiya a waccan Juma'ar, na miƙa mata. Ta juya ta a hannu, ta ce ta mece ce? Na ce ta kai masa, ya san aikinta.